Yadda Ake Auna Aiki da Ma'aunin Wajibi Kafin a Aikata Shi

Tirelar tumatir ta iso kasuwar Mile 12 da ke Legas da asuba daga Kano. Mai kayan bai biyo motar ba, yana gida yana jiran waya. Dillali ya sayar da kwando, a ce, naira 45,000. In ya gaya wa mai kaya cewa 42,000 aka saya, babu mai tona shi, domin farashin tumatir yakan motsa tun kafin rana ta take, kuma ba rasit, ba shaida. Kwando 60 ne, ke nan naira 180,000 ta shiga aljihu ban da la'ada.

Yawancinmu da tambaya ɗaya muke auna irin wannan: me zai biyo baya? Za a kama ni? Wa zai cutu, kuma da nawa? Akwai wata hanyar awo da ba ta fara da sakamako. Tana duban dokar da mutum ya kafa wa kansa a zuci lokacin da ya yanke shawara, ta tambaya ko dokar nan za ta iya tsayuwa a gaban hankali. Wanda ya fi kowa tsara ta shi ne Imanuwel Kant, masanin falsafa da aka haifa a 1724 a birnin Konigsbag na ƙasar Furusiya, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha, ya rasu a can a 1804. A ɗan littafin da ya fitar a 1785 ya shimfiɗa tushen, ya ƙara gini a kai a 1788 da 1797. Rubutunsa yana da tauri, amma ma'aunin kansa ɗan kasuwa zai iya aiki da shi cikin minti biyar, in ya san inda ake zamewa.

Abin da za a fara rarrabewa shi ne umarni iri biyu. Akwai mai sharaɗi: in kana son mai saye ya dawo, kada ka cuce shi. Akwai marar sharaɗi: kada ka cuci mutum. Na farko dabara ce, kuma ƙarfinta yana ƙarewa inda buƙatar ta ƙare. Mai talla a cunkoson motocin titin Ikorodu ya san fasinjan danfo, wato bas ɗin haya, da ya miƙo masa 1,000 ta taga ba zai sake ganinsa ba har abada. In dabara ce kaɗai ke riƙe da shi, ba abin da zai sa ya bi motar da gudu ya miƙa canji. Kant da kansa ya kawo misalin mai shago da ba ya tsawwala wa yaro ko wanda bai san farashi ba, ya ce daga waje ba ka iya gane ko gaskiya ce ta hana shi ko lissafin kasuwa. Wajibi shi ne abin da ya rage a kanka bayan an cire lissafin.

Fitar da ƙa'idar aikin

Ba a auna aiki tsirara, ƙa'idarsa ake aunawa. Ka ɗauki biro, ko ka buɗe wayarka, ka rubuta jimla ɗaya mai gaɓa uku: halin da kake ciki, abin da za ka yi, da abin da kake nema. Ta dillalinmu ita ce: "Duk lokacin da na sayar da kayan wani a bayan idonsa, zan faɗa masa farashin da bai kai na gaskiya ba, domin in riƙe bambancin." In jimlar ta wuce layi biyu, akwai uzurin da ya kutsa ciki.

A nan aka fi lalata awon, ta hanya biyu. Ta farko ita ce yi wa ƙa'ida kwalliya. Mutum ya rubuta "zan nemi haƙƙin wahalata" alhali abin da zai yi shi ne faɗin lambar ƙarya. Maganinta, ka yi amfani da kalmar da wanda abin ya shafa zai yi amfani da ita in ya gani da idonsa. Ta biyu ita ce cusa bayanan da suka keɓe ka kai kaɗai: ranar Talata, kayan wane, saboda kuɗin haya ya zo. Ƙa'idar da aka ɗinka daidai jikin mutum ɗaya kowane awo za ta tsallake. Ka bi bayanan ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka: da ranar Laraba ce, zan fasa? Da kayan wani ne daban, zan fasa? Duk wanda amsarsa a'a ce, goge shi, ba ya cikin dalilinka.

Mayar da ita dokar kowa

Yanzu ka ƙaddara cewa duk wanda ya samu kansa a wannan hali haka yake yi, kamar yadda ruwa ke gangara ƙasa. Ka ƙara abu ɗaya da ake yawan mantawa: kowa ya san haka ake yi. Sai ka tambaya, a irin wannan duniyar, aikina zai kai ni ga abin da nake nema?

In kowane dillali yana rage farashi a waya kuma kowane manomi ya sani, ba mai karɓar lambar da aka faɗa masa. Zai biyo kayansa, ko ya aiko ɗansa, ko ya sayar tun a gona. Ƙaryar dillali tana cin riba ne kawai saboda sauran dillalai suna faɗin gaskiya, su suka gina yardar da yake ci. Yana son doka ta hau kan kowa, ta tsallake shi. Wanzami ba ya son jarfa.

Adashi ya fi nuna abin a fili. Mutum 10, zubi 20,000 duk Juma'a, kwasa 200,000. Wani ya roƙi uwar adashi ta ba shi kwasar farko, a ransa kuwa ya ƙudurta daga ya karɓa sai ya koma wata unguwa. Mayar da ƙudurinsa dokar kowa: duk wanda ya kwasa ya daina zubi, kuma kowa ya sani. Ba wanda zai yi zubin farko, ke nan babu kwasar da zai gudu da ita. Ƙa'idar ta cinye abin da take tsaye a kai. Haka misalin da Kant ya kawo a 1788 na ajiyar da mai ita ya mutu bai bar takarda ba: in doka ta ce kowa na iya musun ajiyar da ba a iya tabbatarwa, to ba sauran ajiya a duniya. Wannan ba baƙon zance ba ne a Idi-Araba ko Obalende, inda ɗan ci-rani ke damƙa wa mai shayi ko mai shago kuɗinsa na wata shida ba rubutu.

Akwai rushewa ta biyu, wadda ta fi laushi. Wata ƙa'idar ana iya ƙaddara ta a matsayin dokar kowa ba tare da ta ci kanta ba, amma mai hankali ba zai iya son ta kasance haka ba. Misali: "Ba zan cuci kowa ba, ba kuma zan taimaki kowa ba." Duniya za ta iya tafiya a haka. To amma duk wanda ya taɓa sauka Agege da dare da jaka ɗaya ya san wani ne ya ba shi tabarma, wani ya nuna masa inda ake neman aiki. Mutum mai buƙata ne ta halittarsa, in ya so dokar da ta rufe ƙofar taimako, ya so abin da zai rufe hanyar duk wani burinsa.

Kuskure biyu ke faruwa a wannan mataki. Na ɗaya, a ɗauka tambayar ita ce "in kowa ya yi, gari zai lalace?" Wannan komawa ne ga lissafin sakamako. Abin da ake nema shi ne karo: shin ƙa'idar tana buƙatar wasu su ƙi bin ta kafin ta yi aiki? Na biyu, akwai ƙa'idojin da suke faɗuwa alhali ba laifi a cikinsu. "Zan bar Agege ƙarfe 5 na asuba don in kauce wa cunkoso." In kowa ya yi haka, cunkoson ya dawo ƙarfe 5. Ba wanda zai ce sammako zalunci ne. Bambancin shi ne mai sammako ba ya cin yardar kowa, ko ya yi shela a tasha dabararsa ba ta zama cuta ba. Masana sun daɗe suna muhawara a kan irin waɗannan misalai, kuma a ganinmu darasin a aikace shi ne kada a tsaya a awon farko shi kaɗai.

Awon mutunci

Na biyun ya fi sauƙin riƙewa, kuma ya fi kama laifin kasuwa. Kant ya ce ka ɗauki ɗan Adam, kai kanka ko waninka, a matsayin abin nufi a kan kansa, kada ka mayar da shi kayan aiki kawai. Kalmar "kawai" ita ce ƙashin bayan maganar. Kullum muna amfani da juna: ɗan dako ya ɗaukar maka buhu, mai keke ya kai ka Ketu, mahauci a Oko-Oba ya yanka maka. Ba laifi, tunda sun san abin da ake yi, sun yarda, suna da nasu abin da suke nema. Kant ya kuma raba abu biyu: abin da ke da farashi ana iya musanya shi da makamancinsa, abin da ya fi ƙarfin farashi shi ne mai daraja ta kansa. Hausa tana da kalmar tun tuni. Mutunci ba a taya shi.

Ga yadda ake gwadawa. Ka ɗauki jimlar da ka rubuta, ka ƙaddara kana karanta ta da ƙarfi a gaban wanda abin ya shafa. "Alhaji, 45,000 na sayar, amma 42,000 zan gaya maka." In aikin ya mutu da zarar an faɗe shi, to dama a kan rashin saninsa yake tsaye, kuma ka cire shi daga shawarar da ta shafi dukiyarsa. Ba a tambayar ko zai ji daɗi, ana tambayar ko yana da damar ya ce e ko a'a. Abu biyu ne ke ƙwace wannan damar: yaudara da tilas.

Mutane kan tambaya, to ciniki fa? Mai rago a kasuwa ya ce 300,000 alhali zai sallama a 220,000, ƙarya ya yi? A'a. Shi da mai saye duk sun san farashin farko buɗe ƙofa ne, taya, albarka, ƙara, sallama, wasa ne da kowa ya san dokarsa. Ko an faɗa a fili ba abin da ya rushe. Amma daga ya ce "wallahi haka na saro shi" alhali ba haka ba ne, ya fita daga ciniki ya shiga shaidar zur, domin wannan jimlar labari ce da ake so a gaskata. Haka ɗan canji: ribar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa sananniya ce, zare takarda ɗaya daga bandir lokacin ƙirga kuwa wani abu ne daban. Haka jera manyan tumatir a bakin kwando a binne ruɓaɓɓu a ƙasa, ko buga gindin mudu ya lotsa ciki.

Akwai wani da ya keɓanci zamanmu a Legas. Mata ta zo sayen albasa, Bayerabiya ce, ba ta jin Hausa. Mai kaya ya juya ya ce wa yaronsa da Hausa, a gabanta, "ba ta san kasuwa ba, ɗora mata." Yin yarenka a gaban baƙo ba laifi ba ne. Laifin shi ne an yi shawara a kanta tana tsaye, an mai da rashin jin yarenta makami. Ka gwada faɗin jimlar da harshen da take ji, ka ga ko cinikin zai rayu.

Tilas kuma ba sai da sanda ba. Maigidan da ya riƙe albashin mai gadi wata biyu don kada ya tafi gida da damina ya san ba da yardarsa yake zaune ba.

Wane wajibi ne gaba

Abin da ya rushe ta hanyar farko, inda ƙa'ida ke cin kanta, wato ƙarya, karya alƙawari, cin amana, tilasta wa mutum, wajibin barinsa tsattsaura ne: ba ya da ranar hutu, ba a yin rabinsa. Abin da ƙin yinsa ya rushe ta hanya ta biyu, kamar taimakon mabuƙaci da inganta baiwar da mutum ke da ita, wajibi ne mai faɗi: dole ya zama manufarka ta gaske, amma kai ke zaɓen wa, yaushe, da nawa.

Amfanin wannan rabo yana fitowa ranar da aljihu ya yi ƙunci. Kana da 50,000. Ka yi alƙawarin biyan bashin 30,000 yau. Sai ga waya daga gida ana neman taimako. Tsarin shi ne 30,000 ba taka ba ce tun da ka yi alƙawari, taimako daga 20,000 zai fito. In lamarin gida na rai ne, hanyar ita ce ka je wurin mai bashi ka faɗa masa, ka nemi ya ɗaga maka. Shi ke da ikon kwance alƙawarin, ba kai ba. Haka kuɗin ajiya: "bari in juya kafin mai shi ya zo" ba ya halatta don niyyar mayarwa tana nan, sai in mai shi ya sani ya yarda. Alheri da dukiyar wani ba naka ba ne.

Wajibi a kan kai ma yana nan, a taƙaice: kada ka wulaƙanta kanka da tumasanci don abin hannun wani, kada ka bar basirarka ta yi tsatsa.

Inda hanyar ta yi tsauri

A 1797 wani marubuci ɗan siyasa a Faransa, Benjamin Konstan, ya soki wannan ra'ayi da cewa zai hana ka yi wa mai kisa ƙarya in ya zo neman abokinka da ya ɓuya a gidanka. Kant ya amsa a shekarar, ya tsaya a kan cewa ko a nan ba a ƙarya. Da yawa daga masu bin tafarkinsa ba su bi shi a wannan ba, mu ma ba mu bi shi ba. Wanda ya zo da wuƙa ya riga ya mai da kai kayan aikin kisansa, ba shi da haƙƙin amsar da yake nema.

Amma kada wannan ya zama ƙofar da kowace ƙarya za ta bi ta wuce. Mai binka bashi ba mai kisa ba ne. Kuma tsakanin ƙarya da tona asiri akwai fili mai faɗi da ake mantawa da shi, wato shiru da ƙin amsa. Baƙo ya tsaya a ƙofa a Ikeja ya tambayi mai gadi ko maigida yana ciki. Ba dole ya ce yana nan ba, ba dole ya ce ya yi tafiya ba. "Yallaɓai, ba na ba da labarin gida, ka kira shi a waya." Ya kare gidan, bai faɗi abin da ba haka ba. Kafin ka yanke cewa sai ƙarya, ka nemi aƙalla jimla biyu na gaskiya da za su yi aikin. Sau da yawa akwai su.

In wajibai biyu suka yi karo da gaske, akwai taimako a aikin Dabid Ros na jami'ar Oksfod, wanda a 1930 ya lissafa wajibai bakwai da kowannensu ke da nauyi tun kafin a duba hali: cika alƙawari, gyara ɓarnar da ka yi, godiya ga wanda ya yi maka alheri, adalci, kyautatawa, inganta kai, da kauce wa cutarwa. Bai ba da sikelin da zai raba su kullum ba, sai dai ya ga kauce wa cutarwa ya fi kyautatawa nauyi. Abin ɗauka a wurinsa shi ne wajibin da aka danne ba ya ɓacewa. In ka saɓa alƙawarin kai kaya Apapa don ka kai wanda mota ta buge asibiti, ka yi daidai, amma har yanzu mai kayan yana binka bayani, da haƙuri, da abin da ya yi asara in kana da hali.

Musulmi zai tambaya ina matsayin wannan a addini, kuma tambayar a wurinta take. Malaman Musulunci sun yi wannan muhawara ƙarnuka kafin a haifi Kant: Mu'utazilawa suka ce hankali yana iya gane kyakkyawa da mummuna da kansa, Ash'ariyawa suka ce hukunci daga shari'a yake zuwa. Wannan awon ba fatawa ba ne, ba ya maye gurbin tambayar malami. Tauye mudu sura guda aka saukar a kansa, kuma kowane ɗalibi ya san ayyuka da niyya suke. Amfanin awon a gari irin Legas shi ne abokin cinikinka yana iya zama Kirista daga Anambra ko ɗan gargajiya daga Badagry, kuma kuna buƙatar hujjar da ku duka za ku iya dubawa. Ya kamata kuma a faɗa ba ɓoyo cewa Kant ya rubuta maganganun ƙasƙanci a kan baƙar fata, tun a wani littafinsa na 1764. Ba a wanke shi daga wannan. Ma'aunin da ya kafa shi ne farkon abin da ke kama shi, domin bai ware wani launi daga mutunci ba.

A koma wurin dillali, wayar tana hannunsa. In yana ganin la'adar ba ta kai wahalarsa ba, ga kuɗin sauke kaya, ga 'yan dako, ga tsayuwa tun ƙarfe 4, yana da hanya uku da suka tsallake awon duka biyu. Ya faɗi 45,000 sannan ya ce, "Alhaji, la'adar nan ta yi kaɗan, a duba." Ko su yi yarjejeniya tun kafin mota ta taso cewa duk abin da ya haura farashi kaza nasa ne, ko a raba biyu, a turo shi a rubuce ta WhatsApp don kada a yi musu daga baya. Ko ya sayi kayan da kansa a farashin da suka amince, riba tasa, faɗuwa tasa, muddin bai ɓoye wa mai kaya yadda kasuwar ta tashi a ranar ba.